Kajina na ƙarewa cikin dare, maigida ya ce a sa wa muzurun maƙwabta guba

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Ɗorayi a nan birnin Kano, ga taƙaitaccen bayaninta: "Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, ina kiwon kajin gida a bayan ɗakina, da su nake rage hidimar makarantar yara da zubin adashi. Tun da damina ta kankama nake wayar gari da ɓarna. Kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 11, yanzu saura 3. Ƙwai yana ɓacewa, ko ɓawonsa ba na gani, kuma makon jiya na tarar da manyan kaji biyu a mace an cije su a wuya, ɗaya ma babu kai. Akurkin na katako ne da raga, a ƙasa yake jingine da katanga, bayanmu kuma akwai kango da ciyawa ta cika shi. Maigida ya ce muzurun maƙwabtanmu ne, zai sa masa shinkafar ɓera a nama, ko kuma in sayar da kajin a huta. Ba na son rigima da maƙwabta, kuma ba na son rabuwa da kiwon. Ina neman shawara."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya mayar miki da alheri, ya sa albarka a cikin abin da ya rage. Duk wanda ya san yadda 'yan kaji goma ke rufa wa uwar gida asiri ranar da aka koro yaro daga makaranta, ba zai ɗauki wannan asara ƙaramin abu ba, don haka zan faɗa miki ra'ayina kai tsaye: kada ki yarda a sa gubar nan, kuma kada ki sayar da kajinki. Ɓarnar da kika zayyana ba aikin dabba ɗaya ba ce, kuma ko an kashe muzurun yau, akurkin da ya ba shi hanya zai ba wa wani gobe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to tsagar ce abin nema a gidanki, ba ƙadangaren ba.

Abin da ya sa na ce ba dabba ɗaya ba ce shi ne kowace dabba tana da irin alamar da take bari. Muzuru yakan ɗauke ɗan tsaki ko matashiyar kaza ya tafi da ita wani lungu, ya cinye tsokar ya bar fukafukai da gashi a wurin. Ba kasafai yake tarar babbar kaza mai ƙarfi ba, kuma ba ya haɗiye ƙwai. Ƙwan da ya ɓace babu ɓawo babu danshi a sheƙa ya fi kama da aikin maciji, musamman kumurci da gamsheƙa, waɗanda aka san su da bin akurki saboda ƙwai da 'yan tsaki, ko kuma aikin manyan ɓeraye da ke mirgina shi zuwa raminsu. Wani lokaci akan tarar da ɗan tsaki a mace kansa da wuyansa a jiƙe sharkaf, wannan alama ce ta maciji ya gwada haɗiye shi ya kasa ya amayo shi. 'Yan tsakin da ke raguwa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin uwarsu cikin dare, wani lokaci a ga an gwaigwaye musu yatsu, sau da yawa ɓera ne. Su kuwa manyan kaji biyu da aka cije a wuya a dare guda aka cire wa ɗaya kai, aka bar gangar jikin, sun fi nuna tunku ko wani daga cikin danginsa, domin su ne ke kashe fiye da abin da za su ci idan suka samu kansu a cikin akurki kaji na ta fuffuka. Kare kuwa ba ya ɓoye aikinsa, yakan ɓalla raga ko katako, ya watsa gashi ko'ina, ya bar kaji a yayyage bai ci ba.

Kada ki yi mamakin jin sunan tunku a cikin birni. Unguwanni irin su Ɗorayi, Rijiyar Zaki, Ɗanbare da Mariri sun ci gonaki ne suka zama gari, kuma har yanzu akwai kangwaye, filayen da ba a gina ba, kwalbatoci da kududdufai da ke ba irin waɗannan dabbobi mafaka da rana. Kangon da ke bayanku kaɗai ya isa. Kuma ba banza ba ɓarnar ta faro da damina: daga watan Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta da ruwa ya fi yawa a Kano, ramuka kan cika da ruwa, ɓeraye da macizai su fito neman busasshen wuri, ciyawa kuma ta yi tsawon da za ta rufe zirga-zirgarsu. Akurki mai ɗumi, mai ragowar dusa a ƙasa, mai ƙwai a sheƙa, shi ne mafi kyawun masaukin da za su samu. Ita kuma kaza idonta ba ya aiki a duhu. Da zarar dare ya yi takan lafe a inda take, ko an taɓa ta da ƙyar take motsawa, saboda haka ba ta da wata kariya cikin dare sai wadda aka gina mata.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, ki yi wani gwaji da ba zai ci miki ko sisi ba. Da magariba, bayan kin rufe kajin, ki tankaɗe toka ko yashi mai laushi ki barbaɗa kewaye da akurkin, da gindin katanga, da bakin rariyar gidan, a daren da ba a sa ran ruwa. Da asuba kafin yara su tattaka wurin ki je da tocila ki duba. Sawun kyanwa zagayayye ne kuma babu alamar farce, domin tana noƙe faratanta idan tana tafiya. Sawun kare ya fi girma kuma farata na fitowa. Na tunku ƙarami ne mai ɗan tsawo da alamar farata. Na ɓera 'yan mitsi-mitsi ne, sau da yawa da layin jela a tsakaninsu. Maciji kuwa sai ki ga jan ciki kawai. Abin da ya fi sanin dabbar muhimmanci shi ne tokar za ta nuna miki ta inda ake shigowa. Idan kuma kika ga babu gashi, babu jini, babu sawun dabba, amma kullum kaza mafi girma ce ke ɓacewa, musamman gab da Sallah, to wannan aikin mai ƙafa biyu ne, maganinsa kwaɗo ne.

Yanzu ga akurkin, wanda shi ne ainihin maganar. Ragar da aka fi sayarwa da sunan ragar kaji, mai siririyar waya da manyan idanu masu kusurwa shida, an yi ta ne don ta hana kaza fita, ba don ta hana dabba shiga ba. Ɓera da maciji suna ratsa idanunta, muzuru yana zura hannu ta ciki ya jawo ɗan tsaki, kare yana yaga ta, kuma damina ɗaya ko biyu ta ishe ta yin tsatsa ta fara tsinkewa daga ƙasa, inda ido ba ya kai wa. Abin da kike buƙata shi ne raga mai kaurin waya wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, mai idanu murabba'i da ba su wuce rabin inci ba, wato kimanin milimita 13. Ana samun irinta a wajen masu sayar da kayan gini a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, kuma ya kamata wanda zai sayo ya kama ta da hannu ya gwada lanƙwasa ta, kada ya tsaya ga abin da mai shago ya faɗa. Ma'aunin da za ki riƙe shi ne wannan: duk kafar da babban yatsanki zai shige, ɓera zai iya bi, kuma inda ɓera ya bi maciji zai bi. Wajen kafa ragar, kada kafinta ya tsaya ga 'yan ƙusoshi a lanƙwashe, ya ɗora siririn katako a kan bakin ragar ya buga, yadda ba za a iya ɗaga gefenta ba. Ya kuma duba bakin rufi, domin kwanon rufi yana da tudu da kwari, kuma kowane kwari da ya hau kan katako ƙofa ce a buɗe idan ba a toshe ta ba.

Sai maganar inda akurkin yake zaune, kuma a nan ne nake ganin babbar matsalarki. Akurkin da ke ƙasa jingine da katanga yana da rauni ta fuska biyu: ana haƙo shi ta ƙasa, ana sauko masa ta sama. Gafiya ta fi damuwa da hatsi, amma ramin da ta haƙa a ƙarƙashin katanga shi ne hanyar da sauran za su bi har cikin kajinki. Mafi sauƙi shi ne a janye akurkin daga jikin katanga, a ɗora shi a kan ƙafafu huɗu masu tsawon santimita 60 zuwa mita 1, a naɗe kowace ƙafa da kwano mai santsi, ko a yanka kwano a yi masa siffar mazurari a kifa shi a kan ƙafar yadda mai hawa zai tarar da rufi a kansa. Ƙasan akurkin ya zama katako ne a haɗe ba tare da tsaga ba, domin idan raga ce kaɗai ana iya cizon yatsun kaji ta ƙarƙashi. A damina akwai kuma kwarkwasa, wadda kan iya gamawa da 'yan tsaki a dare ɗaya idan ta samu hanya. Maganinta shi ne a tsayar da ƙafafun a cikin gwangwanaye masu ɗan baƙin mai, a rufe bakinsu yadda yaro ko kaza ba za su kai gare shi ba. Idan kuma kin fi son a bar shi a ƙasa, to a yi masa daɓen siminti da jeren bulo biyu ko uku kafin a fara katako, ko a binne ragar zurfin santimita 30 kewaye da shi.

A ciki, a gicciya musu sanda don su hau su kwana, a ba kowace kaza kimanin santimita 20 zuwa 25, kuma sandar ta yi nisa da raga yadda hannun muzuru ba zai kai ba. Ƙofa ta samu sakata ta ƙarfe da kwaɗo, ba igiya ba, ba dutsen da ake tokarewa da shi ba. Amma ina jan hankalinki kada tsoron dabba ya sa ki toshe akurkin da leda ko buhu ta kowane ɓangare, domin a watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma kajin da aka kulle babu iska zafi da warin kashinsu za su kashe su fiye da yadda tunku zai yi. Raga mai ƙarfi ita ce ke ba da iska da tsaro a lokaci guda. Da hunturu sai a rataya buhu ta waje a ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar ke bugowa.

Kaza mai kwanci da 'yan tsakinta suna buƙatar kulawa ta daban. Kwana 21 take yi a kan ƙwai ba ta gudu, kuma sau da yawa takan zaɓi lungun bayan itacen girki ko ƙarƙashin tarin kaya, daidai inda maciji da ɓera ke so. Ki mayar da ita da ƙwanta cikin ƙaramin keji mai irin ragar da na faɗa, ki yi hakan da dare lokacin da ba za ta firgita ta bar ƙwan ba, kuma ta zauna a ciki da 'ya'yanta su kwana a rufe har su kai mako 6 zuwa 8. Kifa musu kwando a ɗora dutse, kamar yadda aka saba, yana kare su daga shirwa da hankaka da rana, amma ba ya hana ɓera haƙowa ta ƙasa cikin dare. 'Yan tsaki ukun da suka rage miki, daga daren yau su kwana a kwali mai kafofin iska a cikin sito ko kicin da ke rufuwa, ba a ɗakin da mutane ke kwana ba, har a gama gyaran.

Abin da ke kiran dabbobin nan gidanki tun farko abinci ne, kuma jerin yana farawa ne daga dusa. Ragowar dusa da tsaki suna kiran ɓera, ɓera yana kiran maciji da muzuru. Ki riƙa ba kaji abinci da safe da la'asar daidai abin da za su cinye, ki kwashe ragowar ki share wurin kafin duhu, ki adana dusar a durum na ƙarfe mai murfi maimakon buhu, ki kwashe ƙwai kullum kafin magariba. A sa raga a bakin rariyar da ruwa ke fita ta katanga, domin ita ce babbar ƙofar da ake mantawa da ita a gidajenmu, a ɗaga tarin itace da bulo daga ƙasa a nisanta su da akurki. Game da kangon, maigida ya yi magana da mai unguwa a nemo mai wurin ya sa a nome ciyawar, ko maƙwabta su haɗu su share shi a Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, tunda macijin da ke cin ƙwanki barazana ce ga yaran layin baki ɗaya. Sannan rufe kaji ya zama aikin mutum ɗaya sananne, kafin kiran sallar magariba, a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta saba kwana a kan katanga ko bishiya, a kulle ta a akurki na kimanin mako guda, za ta saba da komawa da kanta.

Bari in dawo kan gubar, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Naman da aka sa wa shinkafar ɓera aka ajiye a tsakar gida bai san wanda aka yi domin shi ba. Yaro mai rarrafe zai iya kai shi baki, kajinki za su iya caccakarsa, kuma wasu nau'o'in maganin ɓera suna ɗaukar kwanaki kafin su kashe, sai ɓeran ya je ya mutu a inda kaza ko kyanwa za ta ci shi. Idan muzurun ya mutu, kin rasa mai rage miki ɓeraye, wani muzurun zai gaje wurin, kuma an buɗe ƙofar gaba da mutanen da su ne za su fara kawo muku ɗauki ranar da wani abu ya faru cikin dare. Ga kuma nauyin addini: hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu sananne ne, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Ɓeraye kuwa a yi musu tarko, a sa shi cikin akwati ko guntun bututu a jikin bango inda kaza da yaro ba za su kai ba, kuma wanda aka kama a ɗauke shi da leda a hannu a binne, saboda zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera ake kamuwa da shi. Haka nan kada a fesa fiya-fiya ko kalanzir a akurki da sunan korar maciji, kajin ne za su fara shaƙa. Fitila mai aiki da hasken rana a tsakar gida tana taimakawa wajen ganin hanya, amma dabbobi kan saba da ita, ba ta maye gurbin raga. Mujiya ma da ake jifa saboda camfi, yawancin abincinta ɓeraye ne, kuma ba ta da hanyar taɓa kazar da ta kwana a rufe.

Tunda akwai alamar maciji, a kiyaye rai kafin dukiya. Kada ki zura hannu a sheƙa cikin duhu, kada a aiki yaro akurki da dare babu tocila babu takalmi. Akwai macijin da ke tofa dafi a ido daga nesa. Idan hakan ta faru a wanke idon nan take da ruwa mai tsafta mai yawa, a tafi asibiti. Idan sara ne, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, a hana mutumin yawan motsi a garzaya da shi babban asibiti irin na Murtala ko na Malam Aminu Kano. Kazar da aka tarar a mace kuwa mushe ce, ba a ci, kuma kada a jefa ta a bola ko kangon baya, domin hakan koya wa dabbar hanyar gidanki ne. A haƙa rami mai zurfi a binne ta.

Akwai mutuwar da ba ta dabba ba ce, kuma kada a rikita su. Idan kaji suka fara mutuwa a jere babu rauni a jikinsu, suna zawo kore, suna gyangyaɗi, wuya na karkacewa ko fuska na kumbura, wannan cuta ce, a ware marasa lafiyar a nemi likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta yi wa masu kiwon kaji na Kano ɓarna a 2006 da 2015, cutar Niyukasul kuma kusan kowane hunturu sai ta zaga, alhali tana da rigakafi, har cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa shi.

Shi kuwa maigida, ki fahimci cewa ganin wahalarki na tafiya a banza ne ya ɓata masa rai, don haka kada ki tare shi da gardama. Ki kira shi da asuba ya ga sawun da ke kan tokar da idonsa, sannan ki kawo masa shawarar a sayar da zakaru biyu ko uku a zuba kuɗin a gyaran, wanda ya fi sayar da kajin duka. Idan kuɗin bai isa a yi komai lokaci ɗaya ba, a fara da kejin kaza mai 'ya'ya da ragar bakin rariya, sai sakata da kwaɗo, sai ɗaga akurkin da sauya ragarsa. Idan toka ta nuna muzurun maƙwabta yana cikin masu zuwa, ki shiga wajen uwar gidan da kanki ki gaya mata cikin mutunci, ki roƙi su riƙa rufe shi da dare har ku kammala. Ranar da kafinta ya gama, kafin a mayar da kajin, a kunna tocila a ajiye a cikin akurkin bayan isha'i, ku zagaya ku duba mahaɗar katako, ƙarƙashin ƙofa da bakin rufi, duk inda haske ya fito ta kafar da ta kai faɗin babban yatsa a toshe ta a daren, sannan a biya shi ragowar kuɗin aikinsa.